Injunan niƙa ashirin da tazarar da ta ɓace a takarda

Shagon da injin

Shagon yana Jos, ba nisa da Dilimi inda ake hada-hadar kayan gyaran mota. Mai shi ya daɗe yana walda da ƙera injuna: na surfe, na ɓare masara, sai kuma injin niƙa mai guduma, wanda masu kaji ke niƙa masara da waken suya da shi don haɗa abinci. Jos garin kiwon kaji ne, sanyin Filato yana yi wa masu ƙwai daɗi, don haka wannan injin bai taɓa kwantai ba. A wata yakan ƙera ɗaya ko biyu, kuma bai taɓa neman zane ba. Injin yana cikin kansa. Shi yake zuwa ya tsaya a kan mai sassaƙar ƙarfe, shi yake haɗa cikin da hannunsa, yara su yi walda da fenti.

Wanda bai san injin ba zai ɗauka duk aikin yana wurin guduma da rariya. Wurin da ke kashe inji ko ya raya shi shi ne wani bututun ƙarfe mai kauri, tsawonsa kamar milimita 300, da ake kira gidan boris. Sandar juyi, wato shaf, ta ratsa cikinsa. Fuli, wanda bel ke ja, yana ɗaya bakin, gudumomi suna ɗayan, kuma sandar tana juyi kusan sau 3,000 a minti. A cikin bututun akwai boris biyu, wato zobban ƙarfe masu ƙwallaye da sandar ke juyi a cikinsu, masu lamba 6206, wanda raminsa milimita 30 ne, faɗinsa na waje 62, kaurinsa 16. Akwai zoben kilif da ke shiga wani gurbi a bangon ciki, akwai zoben tazara a kowane gefe, akwai sil biyu na roba masu tare giris da ƙura, sai murfi biyu da ke rufe bakunan. Da an ɗaura murafun ba abin da ido ke gani sai kan noti.

Abu biyu maigidan yake yi a cikin bututun nan waɗanda bai taɓa faɗa wa kowa dalilinsu ba, domin ba wanda ya tambaya. Na farko, boris na gefen fuli yakan danne shi kam tsakanin kilif da harshen murfi, wato ɓangaren murfin da ke shiga cikin bututun, amma na gefen guduma yakan bar masa sarari na milimita 1 tsakaninsa da nasa murfin. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi, kimanin milimita 0.012 a kowace mita kan kowane digiri ɗaya. Idan tsakanin boris biyu milimita 250 ne, sandar kuma ta fi gidanta zafi da digiri 30, za ta ƙaru da wajen milimita 0.09. Ba yawa, amma sai ta sami inda za ta je. Shi ya sa murafun ba iri ɗaya ba ne: harshen ɗaya milimita 6, na ɗayan 4.5. Na biyu, sil ɗin gefen guduma yakan juya leɓensa ya kalli waje, domin abin tsoro a wannan gefen ƙurar gari ce mai shiga, ba giris mai fita ba. Bakaniken mota kuwa tun yana yaro an koya masa cewa sifirin ɗin sil yana kallon mai, wato ciki.

Oktoba: kwangila da zanen farko

A farkon Oktoba wata ƙungiyar masu kiwon kaji ta ba shi aikin inji 20, a kawo cikin mako takwas. Hannu biyu ba za su iya ba. Ya raba aikin: sassaƙar gidan boris da murafu ya kai wa wani a Bukuru, haɗawa kuma ya raba tsakanin yaransa da wani shago na abokinsa. Nan ne buƙatar zane ta taso. Ɗan yayarsa, wanda ya gama difloma a fannin injiniyan injuna yana jiran aiki, ya karɓi wannan ɓangaren. Ya kwance inji ɗaya, ya auna komai da baniya, wato ma'aunin kauri da faɗin ƙarfe, ya zana a manhajar zane ta AutoCAD cikin kwana huɗu.

Na ga wannan zanen, kuma gaskiya ba aikin rago ba ne. Takarda A3, sikeli 1:5, wato an rage girman komai sau biyar, injin gaba ɗaya daga gaba, daga gefe, daga sama. Duk abin da ke ɓoye a cikin gidan boris ya nuna shi da tsinkakken layi siriri, kamar yadda aka koya masa: abin da ido ke gani layi mai kauri, abin da ke bayan wani abu tsinkakke. Bai bar ko ɗaya ba. Boris, kilif, zobba, sil, harshen murfi, har ramin giris duk suna nan. A jerin kayan da ke ƙasan takardar murafun sun fito a lamba ɗaya, lamba 7, guda biyu. A takardar murfin kuma, wurin tsawon harshe, ya rubuta 6/4.5.

Aka kai takardun wurin mai fotokwafi a bakin titi, wanda A4 kaɗai injinsa ke bugawa. Aka rage, aka raba wa kowa.

Nuwamba, mako na biyu: injuna sun fara dawowa

Shida na farko sun fita ƙarshen Oktoba. Kafin mako uku, huɗu daga cikinsu sun dawo a bayan a-kori-kura. Ƙorafin iri ɗaya ne: ƙara kamar ana jan sarƙa, gidan boris yana zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ɗaya ma ya cije gaba ɗaya bel yana hayaƙi. Da aka kunna ɗaya a shago aka ɗora masa ma'aunin zafi, cikin minti 20 ya haura digiri 90. Injin da maigidan ya haɗa da hannunsa yakan tsaya wajen 50.

Zargin farko ya faɗa kan boris, aka ce jabu ne. Abin da kowa zai fara faɗa ke nan, kuma akwai jabun a kasuwa. Aka sayo wasu daga wani dillalin, aka canza wa inji ɗaya ba tare da an taɓa komai ba. Kwana biyar ya yi ya dawo.

Sai maigidan ya sa aka dawo da sauran biyun ma, ya kwance duka shidan da kansa, yana jera kayan kowanne a kan buhu. Duka murafu goma sha biyun harshensu milimita 6 ne. Mutumin Bukuru da aka buga masa waya ya ce lamba ɗaya ya gani, guda biyu, ya ɗauka 4.5 ɗin zurfin wani abu ne dabam. Ke nan a gefen guduma, maimakon sararin milimita 1, harshen ya wuce gona da rabin milimita, yana tura boris ciki. An matse boris biyun ta waje kamar an sa su a matsi, sandar kuma tana miƙewa tana ƙara musu. Wani yaro ya amsa cewa ya ji sandar ta yi tauri da ya ɗaure notin murfi. "Oga, na ce sabo ne, in ya yi aiki zai saki." A inji huɗu babu kilif sam, gurbinsa na nan wayam cike da giris. A biyar an juya sil ɗin gefen guduma irin na mota, kuma giris ɗin wurin ya koma kamar kunu mai tsakuwa.

Ɗan yayar ya ɗauko zanensa ya nuna cewa duk waɗannan abubuwa suna ciki. Gaskiyarsa. Sai dai ga lissafin da bai yi ba. A sikeli 1:5, sararin milimita 1 ya zama 0.2 a takarda, alhali layin da ya zana shi da shi kaurinsa 0.25. Layin ya fi abin da yake nunawa faɗi. Ragewa daga A3 zuwa A4 tana mayar da komai kashi 71 cikin ɗari, sai sararin ya koma 0.14. Kilif mai kaurin milimita 2 ya zama ƙasa da 0.3, ya manne da gefen boris. A faɗin da bai kai farcen yatsa ba an tara tsinkakkun layuka fiye da goma, wasu a kan wasu, fotokwafi kuma ta haɗe su suka zama baƙin tabo.

Gyaran farko: ƙarin rubutu da launi

An mayar da rabin murafun Bukuru aka rage musu harshe. Ɗan yayar ya koma kwamfuta ya ƙara wa tsinkakkun layukan kauri, ya ja kibiyoyi tara zuwa cikin tabon, kowace da bayani da Turanci. Ya kuma ba kowane abu launinsa, boris ja, kilif shuɗi, sil kore, ya tura wa shagunan biyu ta WhatsApp. Har hoto mai siffar zahiri ya yi, wanda gidan boris ya zama kamar gilashi ana hango ciki.

Wannan bai je ko'ina ba. Launi ya mutu a wurin mai fotokwafi, ja da shuɗi duk suka zama toka-toka. A waya kuwa mutum hannunsa duk giris, gilashin wayar a fashe, in ya buɗa hoton don ya ga kilif sai ya rasa ko wane gefe yake kallo. Hoton gilashin ya burge kowa, amma matsalarsa ɗaya da ta tsinkakken layi: na gaba da na baya duk suna bayyana a wuri guda. Bayanin Turancin kuma rabin yaran ba su karanta ba.

An haɗa inji huɗu da wannan. Yanzu maigidan ya kafa doka, ba injin da zai fita sai ya yi minti 30 yana juyi a shago an kuma buɗe shi. Biyu sun faɗi. A ɗaya an sake manta kilif. A ɗayan an musanya murafun, gajere a gefen fuli, dogo a gefen guduma, sai sandar ta riƙa kai da komo kusan milimita 1 tana ƙwanƙwasa. Wato gyaran Bukuru ya haifi sabon kuskure: da can murafun iri ɗaya ne, yanzu sun bambanta amma ido ba ya rabe su.

Gyara na biyu: warwatsa kayan

A ƙarshen Nuwamba ɗan yayar ya yi abin da yake gani a littafin kayan babur da janareta. Ya zana kayan a warwatse, kowanne ya fito daga gurbinsa ya tsaya a kan layin tsakiya guda, bi da bi, daga notin fuli har zuwa gudumomi, kowanne da lambarsa a cikin da'ira. Babu tsinkakken layi ko ɗaya.

Yara sun so wannan zanen, suka manna shi a bango. Kuma ya yi aiki a inda yake da ƙarfi: a inji huɗu na gaba ba a manta kilif ba ko sau ɗaya, ba a kuma sa zobe kafin boris ba. Zanen warwatse yana amsa tambaya biyu, me da me ke ciki, kuma wa ke bin wa. Tambayar da ba ya amsawa ita ce yaya suke zaune bayan an haɗa. Sil a irin wannan zanen zobe ne kawai baƙi, ba a ganin inda leɓensa ya dosa. Murafun biyu kamar tagwaye. Sararin milimita 1 kuwa ba shi da wurin zama sam, tunda komai an raba shi da ɗan'uwansa da tazarar yatsa biyu. Cikin huɗun, uku an juya musu sil irin na mota, ɗaya an musanya murfi. Gwajin shago ne ya kama su.

A wannan makon an kuma yi wata ƙaramar asara da ba ta shafi ɓoyayyun kaya kai tsaye ba, amma gidansu ɗaya. An huda ramin giris na gida biyu a kishiyar gefe. Akwai tsari biyu na jera fuskokin abu a takarda: na kusurwa ta ɗaya da aka fi bi a Turai, inda abin da aka hango daga hagu ake ajiye shi a dama, da na kusurwa ta uku da aka fi bi a Amurka, inda na hagu ke zama a hagu. Ɗan yayar ya zana da na uku, mai hudar ya karanta da na ɗaya, kuma 'yar alamar mazurari da ake sakawa a kusurwar takarda don raba gardama ba ta nan. Aka saka ta.

Disamba, makon farko: garanda

Wa'adi ya cika, inji shida ba a ko fara haɗa su ba, shugaban ƙungiyar yana kira safe da yamma. Akwai wani dattijo da ke zuwa shagon shan hantsi, musamman a wannan lokaci da hunturun Jos ke sa ƙarfe ya yi sanyi kamar ƙanƙara da safe. Ya yi aikin gyaran injuna a kamfanonin kuza na wajen Bukuru kafin kasuwar kuza ta faɗi a tsakiyar shekarun 1980, kuma da zanen Ingila ya koyi aiki, zamanin ƙa'idar zane ta BS 308, wadda BS 8888 ta maye gurbinta a shekarar 2000. Kowa Baba yake ce masa. Ya daɗe yana kallon takardun bango bai ce komai ba. Ran nan ya ce a kawo masa ɗaya daga cikin gidajen da aka huda ba daidai ba, da matattun boris, da garanda, wato injin yankan ƙarfe.

Ya sa wani yaro ya tsaga gidan gida biyu a tsaye, kamar yadda ake tsaga rake. Aka tsaga murafu, aka tsaga sil da zobba. Sandar ce ya hana a taɓa. Ya kwantar da rabin gidan a benci, ya ɗora sandar a ciki, ya mayar da rabin kowane abu gurbinsa. Ya kira ɗan yayar.

"Ɗana, zo ka duba. Me ka gani?"

"Na ga komai, Baba."

"Akwai tsinkakken layi?"

"Babu."

"To zana wannan. Mutumin da zai haɗa inji ba maye ba ne da zai ga cikin ƙarfe."

A kan bencin, sararin milimita 1 yana nan fili, har ana zura farce. Leɓen sil ɗin gefen guduma yana kallon waje, na gefen fuli yana kallon ciki. Yaron da ya manta kilif sau biyu ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe kilif ɗin ne ke tare boris ɗin ta baya. Sai ranar ya san aikinsa.

Zanen tsagi ba sabon abu ba ne ga ɗan yayar, an koya musu a makaranta, ya ci jarrabawarsa. Bai dai taɓa ɗaukarsa a matsayin abin da ke warware matsala ba. Kuma gwajinsa na farko bai yi ba. Ya cika duk abin da aka yanka da karkatattun layuka masu kallon gefe ɗaya da tazara ɗaya, har da sandar da notuna, sai cikin gidan ya fito kamar dunƙulen ƙarfe guda. Ya kuma bar tsinkakkun layukan abin da ke can bayan tsagin. Baba ya karɓi fensir ya bi takardar yana gyarawa yana faɗa.

Abin da ya gyara shi ne abin da ƙa'idar zane ta duniya, ISO 128, da littattafan zanen fasaha suka tanada. Karkatattun layukan suna nufin nan wuƙa ta bi, ana jan su sirara a kan digiri 45. Idan abu biyu suna maƙwabtaka, na ɗaya ya karkata dama na ɗayan hagu, in sun kai uku a canza tazarar, domin ido ya ga inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Abu ɗaya kuwa, ko ya bayyana sama da ƙasan sandar, layukansa iri ɗaya ne, ta haka mai karatu zai gane murfin nan na sama da na ƙasa abu guda ne. Sanda, noti da kusarsa, ki da fil masu kulle abu a jikin sanda, da ƙwallayen boris ba a yi musu layukan idan tsagin ya bi tsawonsu, a bar su farare kamar yadda Baba ya bar sandar a benci. Babu abin gani a cikinsu, kuma farinsu ne ke sa su fito tsakiyar layukan. Abu siriri sosai, kamar gasket, a cike shi da baƙi. Tsinkakken layi kuma a cikin zanen tsagi a share shi, sai wanda in babu shi za a rasa wani abu.

Takardun da aka tsaya a kai

Kwana uku aka yi, aka fito da takarda uku. Ta farko injin gaba ɗaya daga waje, sikeli 1:5 kamar da, amma an share kusan duk tsinkakkun layukan, sai layin tsakiya da layin da ke nuna inda aka tsaga, da kibiya biyu masu harafin A suna nuna gefen da ake kallo.

Ta biyu ita ce uwar aikin: tsagin A-A na gidan boris kaɗai, a girmansa na gaskiya, 1:1. Sandar ta fi milimita 420 na tsawon A3, sai aka karya ta a tsakiya inda babu komai, aka sa alamar karaya aka matso da bakunan. An zagaye wuri biyu da da'ira aka fitar da su gefe a sikeli 5:1, ɗaya sararin murfin gefen guduma, wanda yanzu ya zama milimita 5 a takarda da adadinsa a rubuce, ɗaya leɓen sil da sifirinsa. Murafun suka rabu, lamba 7 da lamba 8, kowanne da takardarsa zuwa Bukuru. Baba ya ƙara da cewa a buga wa murfi mai dogon harshe ɗigo ɗaya da fanci a fuskarsa ta waje, mai gajeren harshe kuma ɗigo biyu, a kuma nuna ɗigon a zane. Bayani ya ragu daga tara zuwa biyu, an rubuta su da Hausa da Turanci: leɓen sil ya kalli gari, da kuma juya sanda da hannu bayan ɗaure murfi, in ta yi tauri a tsaya.

Ta uku zanen warwatsen nan ne, ba a jefar da shi ba, an dai daidaita lambobinsa da na tsagin. An nemi mai buga A3 a cikin gari, aka yi wa takardun leda, aka rubuta a kusurwa cewa kada a rage.

Kafin a raba su an yi gwaji ɗaya. Aka ɗauko wani yaro mai koyon walda wanda bai taɓa haɗa gidan boris ba, aka zube masa kayan a tire, aka ba shi takardun, aka hana kowa yi masa magana, aka kuma rufe tsagaggen gidan da buhu. Ya ɗauki minti 50, maigidan yakan yi a 15. Sau ɗaya ya tsaya, a kan zobban tazara biyu, domin tsawonsu ya ɗan bambanta kuma kibiyar lambar ɗaya ta ƙare a kan layi maimakon cikin zoben. Aka gyara kibiyar. Sauran duk ya sa daidai, har sil.

Sakamako

Shidan ƙarshe an haɗa su a mako na biyu na Disamba, uku a kowane shago. Duka sun wuce gwajin minti 30, zafinsu tsakanin digiri 48 da 55, da aka buɗe su ba a sami kuskure ba. An sake haɗa sauran sha huɗun da sabbin takardun. Aikin ya kammala da jinkirin mako uku. Asarar da aka ƙirga: boris 14, sil kusan 20, gida biyu, kuɗin mota zuwa Bukuru da gonaki, da wani kaso da ƙungiyar ta zaftare saboda jinkiri. Zuwa ƙarshen Maris inji ɗaya ne ya dawo, shi ma ƙusa ce ta biyo masara ta fasa rariya.

Hukunci

Zanen farko ba ƙarya a cikinsa, kuma a makaranta zai iya cin maki mai kyau. Tsinkakken layi yana da amfaninsa: rami ɗaya a cikin faranti, gurbi ɗaya a bayan bango, nan ya wadatar, tsagi ma ɓata takarda ne. Yana gazawa ne idan ɓoyayyun kayan sun yi yawa sun hau juna, domin yana nuna gefen abu ba ya nuna jikinsa, ba ya faɗin wane ne gaba wane ne baya, ba ya kuma raba ƙarfe da sarari. A gidan boris ɗin nan abin da ya fi komai muhimmanci sarari ne, wato wurin da babu komai, kuma babu yadda za a nuna babu da layin da ya fi ta kauri. Gyaran farko ya faɗi saboda ya ɗora kaya a kan hanyar da ta riga ta cushe. Zanen warwatse ya warware rabin matsalar, rabin da ya shafi ƙirga da jeri. Tsagin ne ya nuna zama da fuskanta, amma sai da aka haɗa shi da sikelin da ya dace, domin tsagi a 1:5 da aka rage zuwa A4 da shi ma ya haɗiye milimitar.

Ban ɗora wa ɗan yayar laifin duka ba. Ya auna abin da ya gani, ya zana abin da ya auna, amma ba a gaya masa waɗanne biyu ne cikin awo ɗari ke riƙe da ran injin ba. Wannan yana kan maigidan, wanda ya san dalilin gajeren harshe da juyayyen sil shekara da shekaru bai furta ba. Da ya faɗa a Oktoba, da wuya yaron ya haɗa murafun a lamba ɗaya. Ba zan kuma ce takarda kaɗai ta gyara aikin ba. Ɗigon fanci a kan murfi da gwajin minti 30 sun tare kurakuran da kowane zane zai iya bari su wuce, kuma yaran da suka haɗa shidan ƙarshe duk sun riga sun ga tsagaggen gidan da idonsu. Yaron waldar nan ne kaɗai shaidar cewa takardun suna iya tsayawa da ƙafarsu, shi kuma mutum ɗaya ne.

Tsagaggen gidan yana nan a shagon, an yi masa walda a kan wani faranti an rataye kusa da takardun. Injin ɓare masara ne yanzu ɗan yayar ke zanawa, kuma maigidan ya ware masa tsohon gida ɗaya da za a tsaga kafin ya kunna kwamfuta.